Inabin da Na Juye a Leda Ɗaya

Nana, Bashir, ku biyu nake rubuta wa wannan babin, don na gaji da ɗaukar yabon da ba nawa ba. Duk taron suna ko na Sallah da za a yi a Bron, nan gefen Lyon, sai wani ya nuna ni ya ce wa 'ya'yansa, ga Malam Isufu can, wanda ya bar aiki mai tsoka a gidan giya saboda tsoron Allah. Ku ma ina ganin yadda kuke ɗaga kai idan an faɗa. To ku sauke kan. Da tsoron Allah ne ya fitar da ni daga gonar nan, da na kwana da daɗi. Kunya ce ta kore ni, kunyar abin da na yi wa wani tsoho, kuma gara in faɗa muku da bakina tun ina da bakin faɗa.

Kun san daga Tawa na zo Lyon in karanci ƙasar noma da yadda take riƙe ruwa. Da na gama, na yi ta yawo da takarduna daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan har takalmina ya buɗe baki. Wadda ta kira ni a ƙarshe wata mata ce, Madam Claire, da iyalinta ke da gonar inabi a kan tuddai arewa da Lyon, tafiyar awa guda a mota. Zuriya biyar ke nan gidansu na noman inabi suna matse shi giya. A lokacin damunarsu ta fara rikicewa, zafi na ƙaruwa, ruwa na ja da baya, ita kuwa tana neman wanda ya san fari tun daga gida. Na karɓi aikin. Na ce wa raina ni da ƙasa nake aiki, ba da ganga ba, kuma gaskiya ne ban taɓa wuce ƙofar ɗakin gangunan ba, ban taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba. Ko wannan uzuri ne mai tsayawa, ku tambayi malamai, ba gardamar da na zo yi ba ke nan. Abin da na sani shi ne, duk Bahaushen da ya tambaye ni aikina, a Lyon ko a Paris, sai in ce binciken ƙasa nake yi a wata gona, in yi sauri in tambaye shi lafiyar iyali.

Uban Madam Claire yana nan da rai, ya doshi tamanin. Sunansa Armand, ni kuwa Baba Arman nake ce masa, tun yana harara har ya saba. Gajere ne, ya ranƙwafa, ga baƙar hula da ba ta barin kansa, ga faɗa kamar me. Ƙarafan da nake kafawa a ƙasa don auna danshi, in ya zo wucewa sai ya ɗan shure su da ƙafa, ya ce, "Likitan ƙasa, yau me marar lafiyar ya ce?" Ni ma ba na raga masa. In ce, "Ya ce mai shi ya tsufa, Baba." Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

A bayan gidan, kan gangare, akwai wata 'yar gona da kakansa ya dasa da hannunsa. Gonar Kaka suke ce mata. Kurangun inabin da ke cikinta ba iri ɗaya ba ne, kowace da halinta, saboda yadda mutanen dā ke yi. Kowace shekara kafin a tsinke, maigida zai shiga da safe, ya ciri ƙwaya ɗaya daga kowace kuranga, ya tauna har fata da iri, ya tofar. Wadda ta yi masa, sai ya ɗaura mata jan zare. Idan sanyi ya shigo, daga masu jan zaren ake yanko rassan da za a dasa. Ranar da aka fara ba ni wannan labari sai da na tuna mahaifina, kakanku na Tawa, yana bin gona yana zaɓen zangarniyar geron da za a rataye don iri. Madam Claire kuwa so take a tumɓuke gonar. 'Ya'yan da take bayarwa kaɗan ne, layukan sun matse tarakta ba ta shiga, wasu kurangun sun mutu a tsaye. Tana so ta kawo sabon dashe iri ɗaya daga gidan renon shuka, mai saiwa mai jure fari. Kada ku ɗauka muguwa ce. Gida take riƙe da shi da ma'aikata, kuma awon da na yi bayanta ya goya. Sun yi ta kai ruwa rana ita da ubanta, har a kan teburin abinci, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: bayan tsinkar bana za a tumɓuke, amma duk kurangar da tsohon ya ɗaura wa jan zare, za a yanki rassanta a yi musu aure da sabuwar saiwa, don kada irin kakan ya ɓace.

Shekarar ce azumi ya faɗo cikin Satumba, kuma an yi fari na gaske. Ranar Juma'a, saura kwana uku a fara tsinka, Baba Arman ya yafito ni, ya ja ni can cikin Gonar Kaka inda ba mai jin mu. Ya gyara zaman hularsa a kai, ya yi ƙasa da murya.

"Isufu, zan gaya maka abin da ko 'yata ba ta sani ba. Harshena ya mutu."

Na ce, "Kamar yaya, Baba?"

"Tun ciwon da na yi shekara biyu da suka wuce, da magungunan da suka ɗura mini. Sukari da gishiri duk ɗaya ne a bakina. Ina taunawa ne kawai don a ga ina taunawa. Ranar da Claire ta gane, za ta karɓi makullin ɗakin ganguna, ni kuma in zama kujera a gidan nan."

Ya ce ni yake so in ɗanɗana masa, shi kuma ya ɗaura zaren kamar shi ya zaɓa. Na tambaye shi don me sai ni, ga ma'aikata da suka tsufa a gonar.

"Bakinka bai san giya ba, bai san taba ba. Kai kaɗai ne mai harshe sabo a nan. Kuma ba ka da surutu." Ya kama hannuna. "Ba zaƙi nake nema ba. A shekarar fari kowace banzar kuranga tana da zaƙi. Ka nemi wadda ke da zaƙi amma ɗan tsaminta bai gudu ba, fatarta ba ta ɗaci, irinta ya fashe a haƙori kamar soyayyiyar gyaɗa. Wannan ita ce saiwarta ta kai ga ruwa."

Na ce masa ina azumi, ba na sa komai a baki sai rana ta faɗi, kuma ƙarfe biyar zan hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Bai ɓata rai ba ko kaɗan. Ya ce to in tafi da su. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinsa. Tsoho mai ciwon gwiwa, cikin rana, yana durƙusawa gindin kuranga yana tashi da ƙyar. Ya zaɓi ashirin da huɗu da idonsa ya fi yarda da su. Kowace ya yanko nono ɗaya ya sa cikin jakar takarda ta shagon da gidan ke sayar da giyarsa, ya rubuta lamba da fensir, ya rubuta lambar a jikin turken kurangar. Na ce ya bari in yi, ya ce in je in ji da ƙarafana. Ya jera jakunkunan cikin ƙaramin kwali ya miƙo mini da hannu biyu.

"Litinin da asuba daga nan za a fara tsinka. Ka kawo mini lambobi. Ko uku ne sun ishe ni."

Yanzu ku ji abin da zai kai ni Paris. Wajen kakanku Alhaji Mutari za ni, a unguwar Château Rouge, in sha ruwa tare da su, ranar Lahadi kuma manya su zauna kan maganar aurena da uwarku. Ku kun san Alhaji bayan ya yi laushi, yana ɓoye muku alewa a aljihun jamfa. Wanda na sani a lokacin, ko ruwan kwalba ba ya saye a kantin da ke sayar da giya. Shi ma binciken ƙasa a wata gona ya sani. A cikin jirgi na lura da abin da idona ya saba da shi har ya daina gani: kowace jaka ɗauke take da sunan gidan da hoton kwalba, manya-manya. Na ce ba komai, zan san dabara kafin in isa. Ina fitowa daga ramin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ga Alhaji can tsallaken hanya, tsaye a ƙofar shagonsa na atamfa da carbi a hannu, yana waige-waige yana jirana.

Ban bari ya gan ni ba. Na koma da baya cikin matakala, na zaro ledar da na naɗe babbar rigata a ciki, na juye jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya, duka ashirin da huɗun, cikin leda ɗaya. Na dunƙule takardun na cusa cikin kwandon shara tare da kwalin. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Kai, Isufu! Mutumin da aikinsa kullum shi ne ya ɗebi ƙasa ya manna mata lamba kada ta gauraya! Ga biro a aljihuna. Da na yage hoton kwalbar na bar lambar, da ya isa. Ba zan ce muku bai zo mini a rai ba. Ya zo, amma tsoro ya fi shi gudu.

Na tsallaka, na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi ƙishirwa, ya tambayi mutanen Lyon ɗaya bayan ɗaya. Sannan idonsa ya sauka kan ledar.

"Me ka riƙo mana haka, Malam Isufu?"

"Ɗan inabi ne, Alhaji. Na tsaya kasuwar Barbès na saya."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Kakarku Hajiya Rabi ta karɓa ta wanke a babbar roba, ta tsinke su daga jikin nonon, ta zuba a kwano ɗaya ta ajiye tsakanin dabino da ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙanana ne, baƙaƙe, ba kyan gani. Da aka kira salla na ci dabino, na sha ruwa, na kai hannu. Na farko zaƙi zalla, har da ɗan bauri. Na biyu haka. Na uku ko na huɗu ne na tauna na tsaya cak. Zaƙi ne mai sanyi, ɗan tsami na bin bayansa, fatar ta narke ba ɗaci, irin ya fashe a haƙorina daidai yadda tsohon ya faɗa. A wannan farin, da ganyen gonar duk ya yi yaushi, akwai kurangar da ta samo ruwa can ƙarƙashin dutse, inda ƙarafana ba su kai ba. Na ci gaba da ci na sake cin karo da irinsa, da wani mai ɗan bambanci amma shi ma haka. Aƙalla biyu ko uku ne daga cikin ashirin da huɗun. Tsohon ya yi gaskiya, ni kuwa ba ni da hanyar sanin wace lamba ce, ga hannaye na ta shiga kwanon.

Hajiya ta ɗaga murya daga ƙofar kicin.

"Kai! Isufu, wannan inabi daga wace ƙasa? Tun da na zo garin nan ban ci irinsa ba. Wajen wa ka saya?"

"Wajen wani Balarabe, Hajiya, ƙarƙashin gadar metiro."

"To ka riƙe shi da kyau. Zainabu, zo ki ɗanɗana abin da baƙonku ya kawo kafin babanki ya cinye."

Uwarku ta leƙo tana rufe fuska da mayafi, aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin a tashi sallar isha kwanon ya zama fayau.

Akwai sauran dama, kuma na san da ita. Da na hau jirgin Asabar da safe, da na isa gonar kafin faɗuwar rana, na bi turakan nan na ɗanɗana da kaina. Amma me zan ce wa Alhaji? In ce na bar zaman manya don in je in tauna inabi a gidan giya? Na zauna. Ranar Lahadi aka ba ni uwarku. Kada ku karkatar da maganata, ban taɓa nadamar aurenta ba ko na rana ɗaya. Abin da nake faɗa shi ne na san farashin zaman da na yi, kuma ba ni na biya ba.

Litinin wajen azahar na isa. An tsinke Gonar Kaka tas, ba ko ƙwaya a jikin kuranga. Baba Arman na zaune kan katangar dutse, jan zare a yayyanke a hannunsa. Yana ganina ya miƙe, fuskarsa ta yi haske. Hanya biyu ce a gabana mai mutunci ko kusa da shi. In faɗa masa gaskiya, ya zage ni, ya zaɓa da idonsa. Ko in jefa masa lambobi uku da ka. Gaskiyar ta yi mini nauyi. Lambobin kuwa, ku ji wauta, sai na ce wa raina ni mai ilimi ne, ba na ƙirƙirar lamba. Don gudun ƙaramar ƙarya sai na zabga babba.

"Na ɗanɗana duka, Baba. Duk ɗaya ne. Zaƙi kawai, ba tsami."

"Duka?"

"Duka."

Ya juya ya kalli gonar. Sannan ya naɗe zaren ya sa a aljihu.

"To ta gaji ke nan. Ta yi nata." Ya dafa kafaɗata. "Na gode, Isufu, da ba ka ɓoye mini ba."

Da yamman nan ya gaya wa 'yarsa ba abin da ya cancanci a ajiye, ta tumɓuke duka. Da sanyi ya shigo injin tumɓukewa ya zo. Cikin kwana biyu aka ƙwaƙule kurangun da suka girmi kowa a garin, aka tara su tsibi aka sa wuta. Kwana uku hayaƙin na tashi. Tsohon ya tsaya bakin katanga da hularsa a hannu, karo na farko da na ga kansa a buɗe. Daga nan ya rage fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya ƙara sona. Ya daina shurin ƙarafana. Da ya ji an ɗaura mini aure, da kansa ya kawo kwalbar zuma ya ce in kai wa amarya. Na kai ga in hango shi sai in canja hanya, in laɓe bayan tarakta kamar ɓarawo. Kafin bazara na ajiye aikin. Na je na gaya wa Alhaji inda nake aiki a dā, na lulluɓe maganar da kyau, na ce zuciyata ce ba ta natsu ba. Alhaji ya rungume ni har da hawaye, kuma shi ya baza labarin da kuke ji har yau. Baba Arman ya rasu a sanyin da ya biyo baya. An aiko mini, ban je ba.

Shekaru sun tafi, na koma koyarwa. Kai Bashir kana ƙananan azuzuwan lakwal, makarantar boko, lokacin da na haɗu da Madam Claire a wani taron manoma a Lyon, bayan wasu damunu masu tsananin zafi. Ta yi furfura. Ta ce sabon dashen ya yi kyau da farko, amma da yake duk iri ɗaya ne, in zafi ya kai wani wuri rana ɗaya suke yin yaushi gaba ɗaya, ba mai tsayawa. Ban san lokacin da na ja ta gefe ba. Na faɗa mata komai, harshen ubanta, jakunkunan, matakalar metiro, kwanon Hajiya. Ta saurare ni ba ta katse ni ba.

"Harshensa ai na sani," in ji ta. "Tun ranar da ya zuba wa miya gishiri sau uku ya ce ta yi daidai. Ban taɓa niyyar karɓar makullinsa ba. Na riga na kama wuri a gidan renon shuka, an ajiye mini saiwa ina jira. Da ya ba ni kowace lamba, kowace ce, da na yanka na dasa don ya ji daɗi. Da ya ce a ƙone duka, na ɗauka fushi yake da ni. Har ya mutu haka na ɗauka."

Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta share idonta da bayan hannu ta ce, "Yaya ɗanɗanonsa yake?" Na buɗe baki, Faransancin da na yi shekaru ina koyarwa da shi ya gagare ni. Na maimaita mata kalmomin ubanta kawai, zaƙi, ɗan tsami, iri mai fashewa. Ta gyaɗa kai ta ɗauki jakarta ta fita. Ban sake ganinta ba.

Saura abu ɗaya, kuma ke Nana ya fi shafa. Kin tuna wasan da ake yi a gidan Alhaji duk azumi, yadda Hajiya ke cewa, Isufu, ina Balaraben nan naka mai inabi? Kuna ƙyalƙyala dariya. Kin tuna shekarar da kika nace sai mun je mun nemo mata, na kama hannunki muka bi ƙarƙashin gadar Barbès teburi bayan teburi, kina tambayar masu kaya da ƙaramar muryarki, muka sayo kala uku, ta ɗanɗana ta ce ba shi ba ne? Na san ba ya nan tun kafin mu sa takalmi. Ki yafe mini wannan yawon.

Azumin Hajiya na ƙarshe, tana kwance a gidan likita ba ta iya cin komai, na je gaishe ta da rana. Ta kalle ni ta yi ɗan murmushi.

"Isufu, har yanzu ba a samu mai inabin nan ba?"

"Ya tashi, Hajiya. Ya daɗe da tashi."

"Allah sarki." Ta lumshe ido. "Mu ma da haɗama. Muka cinye tas, ba wanda ya yi tunanin ajiye ko ƙwaya ɗaya a shuka."

Na ce haka ne, Hajiya. Na gyara mata mayafi, na fita na zauna a bencin ƙofa, na yi kukan da ban je na yi ba ranar da aka binne Baba Arman.